Sunan da Goggo Ta Shafe

A watan Mayun 2018, 'yan kwanaki bayan harin da aka kai Gwaska aka kashe fiye da mutum 40, mutanen gidanmu suka yanke shawarar tashi daga ƙauye su koma cikin garin Birnin Gwari. Mota ba ta shigowa, babura uku kawai aka samu, kuma abin da babur zai ɗauka ƙididdigagge ne. Ƙannena suka ce a ɗaure buhun masara a kan na ƙarshen. Goggo ta ce atafau sai adakarta. Aka yi lallashi, aka yi faɗa, ta je ta zauna a kan adakar ta ce su tafi da masararsu, ita da kayanta sa biyo baya in Allah ya yi. Haka aka bar masara aka ɗauro tsohon akwatin ƙarfe mai tsatsa. Ina Kaduna aka ba ni labari a waya, na yi dariya na ce rigimar tsufa ce.

Goggo yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun daga yaye har na tafi sakandare. Ba ta da ɗa a raye. A ƙauye Goggo Nas ake ce mata, ko da yake ba ta taɓa shiga makarantar koyon jinya ba. Tana cikin 'yan matan da suka samu yin firamare a zamanin da hakan abin surutu ne. Aure ya kai ta Kaduna, tana can yaƙin basasa ya ɓarke a watan Yulin 1967. Da aka fara kawo sojoji masu rauni daga bakin daga, ta shiga cikin matan da suka ba da kansu ga aikin agaji a ƙarƙashin Red Cross. Ba albashi. Aikinta wanke rauni, canza zanen gado, ba wanda ba ya iya ɗaga kai ruwa, da rubuta wa marasa karatu wasiƙa. Haka ta yi har aka gama yaƙi a Janairun 1970. Bayan rasuwar mijinta ta dawo gida, ta zama ita ce ungozoma, ita ce mai wanke gyambo, ita ce kuma mai wankan gawar mata. In ka tambaye ta labarin yaƙin Ojukwu, sai ta ce, "Yaƙi ai ba tatsuniya ba ne," ta aike ka ɗebo ruwa.

Ta rasu a watan Oktoban 2021, daidai lokacin da aka rufe layukan waya a Birnin Gwari da wasu ƙananan hukumomin jihar saboda matsalar tsaro. Ni da nake cin abinci da rubuta manhajar da ke kai saƙo cikin ƙiftawar ido, sai bayan kwana uku da binne ta wani direba ya kawo mini labari da baki. Da aka zo rabon 'yan kayanta, mahaifina ya nuna adakar ya ce, "Kai ta riƙa, kai ne kuma ɗan boko. Takardu ne, ka tafi da su."

A ciki akwai farin kallabi da ya koma ruwan ƙasa, da bajon Red Cross, da almakashi mai lanƙwasasshen baki, da hotuna huɗu marasa kala, da takardar shaidar koyon taimakon gaggawa. Akwai wasiƙu uku na kakana da ajami, yana roƙon ta ta bar wannan aiki domin mutane suna magana, wai 'yarsa tana taɓa jikin mazan da ba muharramanta ba. A can ƙasa kuma, a nannaɗe cikin leda, akwai littattafan rubutu guda biyu irin na 'yan makaranta da aka ɗinke wuri ɗaya.

Kowane shafi na mutum ɗaya ne. A sama suna da gari, wani lokaci har da lambar soja, a ƙasa kuma abin da ya faɗa mata. Mafi yawa bashi ne da ajiya: wane yana bin sa fam 2 da sule 6 a Sabon Garin Zariya, kekensa yana wurin wani tela a Gusau, a ba ƙanensa. Wasu sallahu ne zuwa ga uwa ko mata. Inda ta samu isar da saƙo, sai ta ja layi ta rubuta "ya isa". Na ƙirga shafi 61 na lokacin yaƙi. Guda 38 suna da "ya isa", 16 ba su da shi. Sauran bakwai ɗin daban suke. Babu bashi a cikinsu, babu sallahu. Mutum ne ya ji mutuwa ta matso, ya sauke abin da ya aikata a kunnen wadda ke ba shi ruwa. A duk shafuka bakwai ɗin Goggo ta bi sunan da shuɗiyar tawada ta murje shi, har ba a ganin ko harafi ɗaya.

Kafin in faɗi abin da na yi, ya kamata mai karatu ya san irin tarbiyyar da sana'ata ta yi mini. Babban zunubi a wurin mai rubuta manhaja shi ne ɓatar da bayanai. Tun muna koyo aka cusa mana ƙa'idar nan: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Akwai kuma wani abu da yawancin masu amfani da waya ba su sani ba. Sau da yawa in ka danna "goge", ba ma goge komai. Alama kawai muke sa wa abin, mu ɓoye shi daga idonka, yana nan kwance a rumbu ko za a buƙace shi wata rana. Wanda ya shekara goma yana wannan aiki yakan daina yarda cewa akwai gogewa ta gaskiya. In ya ga an shafe abu, ba ya tunanin wani ne ya yanke hukunci. Gani yake matsala ce da ke jiran gyara.

Kuma ina da dalilin gaggawa. Na ga yadda takarda ke ƙarewa a yankinmu. Dajin da ya taso daga Kamuku ya haɗe da Kuyambana ya miƙa Zamfara, dajin da Goggo ke shiga da mu tsintar kaɗanya muna yara, ya zama wurin da ake fitowa a ƙone ƙauye da rumbunansa da allunansa da takardun gonakinsa. Ga gara, ga ɗigar ruwa, ga gudun hijira. Saboda haka a daren farko na shimfiɗa komai na fara ɗaukar hoto da na'urar sikana, shafi bayan shafi, ina jin kaina kamar mutanen Timbuktu da suka kwashe tsofaffin littattafansu cikin akwatunan ƙarfe zuwa Bamako a 2012 lokacin da masu bindiga suka mamaye garin. Har na fara zana yadda shafin intanet ɗin zai kasance.

Hoto a kwamfuta launi uku ne aka haɗa: ja, kore da shuɗi. Kana iya ware kowanne ka dube shi shi kaɗai. Goggo da fensir ta yi rubutunta, da shuɗiyar tawada ta shafe. In ka ware shuɗin launi kaɗai, shuɗiyar tawada sai ta dusashe ta yi fari-fari, amma baƙin fensir yana nan. Ban tsaya na yi shawara da kowa ba, ban ma yi shawara da kaina ba. Hannuna ne ya yi, kamar yadda yake yi kullum a wurin aiki. Cikin abin da bai kai minti ɗaya ba, sunan da ta rufe shekara hamsin da uku ya fito a gabana tar, shi da garinsu.

Shafin na wani kofur ne da aka yanke wa ƙafa cikin daminar 1968. Ya gaya mata cewa a wani ƙauye, wanda shafin bai ambaci sunansa ba, an tara maza a fili aka ce a buɗe wuta, shi ma ya buɗe. A cikinsu akwai yaro mai jar riga da ko gemu bai fara ba. Ya tambaye ta ko tana ganin Allah zai yafe masa. A ƙasan shafin ta rubuta cewa ya cika ranar Alhamis. Garin da ke jikin sunan na san shi, gidan ma na san shi. Da ɗaya daga jikokinsa muka zauna benci ɗaya a sakandare.

Tun daga wannan dare nake juya tambaya ɗaya: wanda ya gaji akwati, ya gaji abin da aka faɗa wa mai akwatin?

Da na gaya wa mahaifina, bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Da ta so a gani, da ba ta ɓata tawadarta ba." Limamin unguwarmu kuma ya warware mini ta fuskar da ban zata ba. Ya ce adaka gado ce, kallabi da almakashi da hotuna gado ne, amma abin da wani ya ba mamaci ajiya ba ya shiga rabo. Kafin a raba dukiya sai an fitar da kayan mutane an mayar musu. In ba a san mai abu ba, hukuncin tsintuwa ne: a yi cigiya har shekara, in ba a dace ba a yi sadaka da niyyar ladan ya je ga mai shi. Ya ce saƙon da bai isa ba ajiya ce, maganar da aka faɗa a kan gadon mutuwa ita ma ajiya ce. Ya tuna mini kuma abin da ake koya wa mai wankan gawa, cewa in ya ga alheri ya faɗa, in ya ga abin ƙi ya rufe bakinsa har kabarinsa. Goggo ta shekara arba'in tana wankan gawa. Ba ni zan koya mata wannan ba.

Da maganar ta tsaya nan, da na huta. Amma ina da aboki da ya karanta tarihi a Zariya, shi kuma bai raga mini ba. Ya ce abin da ke hannuna ba na gidanmu kaɗai ba ne. Manyan hafsoshi sun rubuta littattafansu a kan yaƙin nan, 'yan siyasa sun rubuta nasu, amma ina muryar farabiti da kofur da aka ɗebo daga ƙauyukan Arewa? Ina ta matan da suka yi jinyar su? Ya ce kisan da sojojin tarayya suka yi wa ɗaruruwan maza a Asaba cikin Oktoban 1967 ya daɗe ba a maganarsa a fili, kuma abin da ya hana shi nutsewa shi ne waɗanda suka tsira da iyalan da suka riƙe sunaye suka ƙi yin shiru. Ya kawo mini misalin marubucin nan Franz Kafka, wanda ya bar wa amininsa Max Brod wasiyya cewa ya ƙone rubuce-rubucensa. Kafka ya rasu a 1924, Brod ya ƙi ƙonawa ya buga su, kuma yau duniya godiya take masa. Ya ce ko rubuce-rubucen Nana Asma'u, ai don gidan Waziri a Sakkwato ya adana su kuma ya bari masu bincike suka gani ne muke karanta su. Sannan ya soke ni inda ya san zai yi zafi: "Kai da kake kuka ba a hukunta waɗanda suka kashe mutanenku ba, yau kai ne mai rufa wa mai kisa asiri?"

Wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma ban amsa masa a ranar ba. Gaskiya ne, in da wani zai miƙo mini takarda mai sunayen waɗanda suka shiga Dogon Dawa a watan Oktoban 2012 suka harbe masallata da asuba, ba zan so a murje ko harafi ɗaya ba. To me ya sa jinin yaro mai jar riga zai fi na mutanen Dogon Dawa araha? Don shi ba namu ba ne? In dai wannan ne dalilina, to ba rufin asiri nake yi ba, ƙabilanci nake yi na sa masa rawani.

Ko doka ba ta cece ni ba. Dokar kare bayanan jama'a ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a 2018 kuma mu masu manhaja muke yawan ambato, ta ba mutum damar neman a goge bayanansa, amma ta faɗa ƙarara cewa ba ta shafi matattu ba. Wato a idon irin wannan doka, ranar da ka mutu ranar ce asirinka ya zama marar mai shi. Ba wanda zai kai ni ƙara in na saki shafin. Abin ya rage tsakanina da Goggo da Allah.

Littafin ne da kansa ya fara ba ni amsa, domin bai ƙare a 1970 ba. Bayan wasu shafuka da aka bari fayau, rubutu ya sake farawa, wannan karon da biro, da hannu mai rawa. Shekarar farko a jiki ita ce 2012. Tsohuwar da ta yi zaton ta rabu da raunin harsashi tun tana da ƙuruciya ta sake ganin sa a ƙofar ɗakinta. A waɗannan shafuka ta jera mutanen ƙauyenmu da na maƙwabta da aka kashe: suna, sunan uba, rana, da wurin. Wane ɗan wane, Lahadi, a gona. Wance matar wane, a hanyar kasuwa. Ba ta shafe ko ɗaya ba. Wasu ma ta maimaita su da manyan baƙaƙe don kada a yi kuskuren karantawa.

Sai na koma na sake duba shafuka bakwai ɗin da sabon ido. Mace mai son ɓoye laifi yage shafin za ta yi, ko kuma tun farko ba za ta rubuta ba. Ita kuwa ta rubuta abin da aka yi dalla-dalla: fili, umarni, yawan mutanen gwargwadon yadda ya tuna, har launin rigar yaron. Duk abin da kofur ɗin ya iya ba ta game da waɗanda aka kashe ta adana. Abu ɗaya tak ta rufe, shi ne sunan mutumin da ya kawo mata kansa. Kuma ba ta yi wannan cikin gaggawa ba, tun da sai da ta rubuta sunan sannan daga baya ta nemo tawada. Ta yi tunani ta yanke hukunci. Tana da ƙa'ida: wanda ake bi bashi a rubuta shi, wanda aka zalunta a rubuta shi, aikin da aka yi a rubuta shi, amma wanda ya yi ikirari a kan gadon jinya a rufe shi.

Na daɗe ina auna wannan ƙa'ida, kuma ina ganin ta fi ni da abokina hangen nesa, saboda dalilai uku.

Na farko, ta wace ƙofa maganar ta shigo? Kofur ɗin bai faɗa wa alƙali ba, bai faɗa wa ɗan jarida ba. Ya faɗa wa mai jinya ne, saboda ya san mai jinya ba ta kai ƙara. Da ya san sunansa zai fita, da ya mutu da abinsa a ciki, da yau babu sunan kuma babu labarin yaro mai jar riga. Amanar da abokina yake so in karya ita ce ta haifar da shaidar da yake so in buga. Kuma ba a kan kofur kaɗai abin zai tsaya ba. Duk ranar da aka san cewa abin da ka faɗa wa mai jinya jikanta zai iya watsa shi bayan shekara hamsin, an toshe wata ƙofa da mutane ke sauke nauyi ta cikinta, an kuma toshe ɗaya daga 'yan hanyoyin da gaskiyar yaƙi ke fitowa.

Na biyu, a kan wa sunan zai faɗa? Mai laifin ya mutu a makon da ya yi magana. Babu kotun duniya da za ta same shi. Waɗanda sunan zai samu su ne 'ya'ya da jikoki da ba su riƙe bindiga ba, kuma addininmu ya koya mana cewa ba mai ɗaukar nauyin zunubin wani. A nan ne bambanci yake da mutanen daji. Wanda yake raye, da bindiga a hannu, yana iya komawa gobe, ba shi da haƙƙin a rufa masa asiri, domin rufa masa tona wa wasu kabari ne. Da kofur ɗin yana raye yana ci gaba da ɓarna, da magana ta canza. Misalin Kafka kuma bai zauna ba. Abin da Brod ya ƙi ƙonawa rubuce-rubucen Kafka ne, nasa na kansa. Nana Asma'u ma don a yaɗa ta yi rubutunta, har ta tura jajis su kai wa mata a ƙauyuka. Littafin Goggo kuwa cike yake da kayan mutane.

Na uku ya shafi sana'ata kai tsaye. Takarda a cikin adaka tana da nauyi. Kafin ka karanta ta sai ka yi tafiya, ka yi sallama, ka zauna, a dube ka a ga ko kai wane ne. Abin da aka ɗora a intanet ba shi da wannan shinge. Hoto ɗaya za a yanko, a raba shi da shafukan da ke gabansa da bayansa, a jefa shi Facebook cikin masu zagin juna a kan yaƙin da aka gama kafin a haife su. Daga ranar, duk wanda ya nemi sunan gidan a Google abin da zai fara gani ke nan. Na san yadda waɗannan na'urori suke aiki, ni nake gina irinsu. Ba su san tuba ba, ba su san jika daban kaka daban ba, kuma ba su mantuwa.

Duk da haka ba zan ce wannan matsaya ba ta da asara ba. Wataƙila a wani gari a Gabas akwai tsohuwar da har yau ba ta san wanda ya harbe ƙanenta mai jar riga ba, kuma tana da haƙƙin ta so sani. Na zaɓi amanar mamaci da sutura ga jikokinsa a kan wannan haƙƙi nata, kuma na san zaɓi na yi. Abin da kawai zan iya yi mata shi ne kada in bari a ce abin bai faru ba.

Wannan ne ya sa nake kallon sulhun yankinmu da ido biyu. A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, aka karɓi 'yan bindigar da suka ce sun ajiye makami, aka buɗe kasuwar shanu da ta yi shekaru a rufe. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari yana salati daga Buruku har ya isa ya san darajar a yi tafiya lafiya a noma gona lafiya. Ba na raina wannan. Roƙona ɗaya ne: in za a yafe, a san abin da aka yafe. Rufin asiri daban, shafe tarihi daban. Al'umma tana iya yanke shawarar sassauta wa mai laifi don a zauna lafiya, amma ba ta da ikon yafe sunan wanda aka kashe, domin ba nata ba ne. Bayan yaƙin basasa an ce babu wanda ya yi nasara babu wanda aka ci da yaƙi, aka rufe babin da sauri, ga shi har yau gyambon yana ruwa. Tsohuwar da ba ta wuce firamare ba ta gane cewa ana iya sutura ga mutum ba tare da an binne abin da ya faru ba.

Ga abin da na yi da adakar. Hotuna da bajo da takardar shaida da wasiƙun kakana na yi musu kwafi na raba wa dangi, don yaran gidanmu su san wace ce Goggo Nas da abin da ta jure kafin a fara yaba mata. Shafuka bakwai ɗin na kwafe su da hannu ba tare da sunaye ba, kuma niyyata in kai wannan kwafi inda masu bincike ke zuwa, irin Gidan Arewa ko ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. Hotunansu na sikana kuwa, tun da na san abin da za a iya yi da su, na goge su gogewa ta gaskiya, irin wadda ake bin wurin da wasu bayanai a danne. Sauran sunaye shida ban duba ba.

Saƙonni 16 da ba su isa ba na shiga cigiyarsu a hankali, ta hannun masu unguwanni da tsofaffin sojoji, ba ta intanet ba. Basussukan da aka rasa masu su mun yi sadaka da kimarsu kamar yadda liman ya ce. Gida ɗaya kawai na samu zuwa yanzu, a Funtuwa. Saƙon na wani farabiti ne zuwa ga matarsa mai ciki. Matar ta rasu, amma cikin yana nan, dattijuwa ce mai jikoki. Na karanta mata layi huɗun da ubanta ya bari. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ɗan nan, ya sha wahala?" Na duba ƙasan shafin na gaya mata abin da Goggo ta rubuta: ya sha ruwa, ya yi kalmar shahada. Da na dawo gida na ɗauki fensir na ja layi na rubuta "ya isa".

Jerin sunayen ƙarshen littafin kuma ina ci gaba da shi. Duk lokacin da na je gida nakan zauna da waɗanda suka rasa nasu, in sun yarda in rubuta: suna, sunan uba, rana, wuri.

Saura suna ɗaya da ba ni da yadda zan yi da shi. Na goge shi daga kwamfuta, amma kai ba shi da maɓallin gogewa. Watannin baya na haɗu da abokin karatuna a wurin ɗaurin aure a Kaduna. Ya rungume ni, ya tambayi mutanen gida, ya yi mini ta'aziyyar Goggo da bai samu yi ba a lokacin. A cikin hira ya ce ai shi ma kakansa a yaƙin basasa ya rasu, ko kabarinsa ba su sani ba. Na ce Allah ya jiƙansa, ya ce amin. Goggo ta ɗauki bakwai shekara hamsin da uku ba wanda ya ji daga bakinta. Ni ɗaya na ɗauko, da hannuna, ba tare da an ba ni ba, kuma sai yanzu na san abin da ya sa ta zauna a kan adakar nan ta ce a tafi da masara.